Kwana Bakwai, Wuraren Wasa Bakwai: Yaya Uwargida Za Ta Raba Su?

    

A wannan watan na ajiye darasin da na yi niyyar kawo muku, saboda wata wasiƙa da ta zo mini daga wata 'yar'uwa a Kaduna. Ga abin da take cewa:

"Malama, maigidana ɗan kasuwa ne, yakan je Dubai saro kaya. Shekara uku ke nan yana yi wa yara alkawarin zai kai su, to bana Allah Ya nufa. Za mu tafi a hutun Disamba, kwana bakwai, ni da shi da Hajiyarsa da yara huɗu. Babban namiji ne, shekararsa 14, mai bi masa mace tana da 11, sai namiji mai 7, sai auta mai shekara 3. Yara sun duba a waya sun rubuto sunayen wuraren wasa har bakwai, kullum faɗa suke yi a kai. Maigida ya ce tunda an riga an kashe kuɗin jirgi, a shiga dukkansu, ko da biyu-biyu ne a rana. Ni kuwa gabana faɗuwa yake yi, domin Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, auta kuma ranar da bai yi barcin rana ba babu mai zaman lafiya. Yaya zan raba kwanakin nan ba tare da an ce ni na hana yara jin daɗi ba?"

To 'yar'uwa, da farko ina taya ku murna, Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya. Na biyu kuma, faɗuwar gabanki tana kan hanya, domin abin da kike tsoro ni ya taɓa faruwa a kaina.

A watan Agusta na 2019 Yayata ta tafi da ni wannan ƙasa don in taya ta kula da yara. Kwana biyar muka yi, kuma tun daga gida aka sayi tikitin wurare huɗu, ga kasuwa tana jira. Rana ta biyu muka ce bari mu haɗa wuri biyu. Muka fito ba mu karya da kyau ba, ga zafi kamar ana hura wuta. Ɗanta mai shekara 7 ya yi wata uku yana kallon hoton wani lilo a waya, da muka isa bakinsa aka tsayar da shi jikin ma'auni aka ce tsawonsa bai kai ba. Yaron nan ya zauna a ƙasa ya yi kukan da ban taɓa jin irinsa ba. Kafin la'asar ƙafafun Yaya sun kumbura, ita da mijinta suka fara musayar magana a cikin tasi a gaban yara, sallar la'asar kuwa sai dab da magariba muka same ta. Ranar ƙarshe yara suka ƙi tashi daga gado, tikitin da aka biya da tsada ya tafi a banza. Ba laifin kowa ba ne sai namu, mu muka yi wa kanmu lodin da ya fi ƙarfinmu. Da Allah Ya sake kai mu a Disambar 2024, sai muka rage wurare muka ƙara hutu, aka dawo gida kowa yana dariya.

Abin da na koya a tsakanin tafiyoyin nan biyu shi ne: kwanakin hutu da ƙafar mafi rauni a cikin ayari ake raba su. A gidanki kuwa masu raunin su ne Hajiya da auta. Duk tsarin da su biyun nan za su iya ɗauka, kowa zai ji daɗinsa. Wanda ba za su iya ba kuwa, ke ce za ki biya kuɗinsa da jikinki, domin ke za ki goya mai kuka, ke kuma za ki yi ta ba Hajiya haƙuri.

Fara sanin inda kowane wuri yake

Mu a nan duk "Dubai" muke cewa, alhali wuraren da yaranki suka rubuto a masarautu biyu suke. Uku suna Dubai, huɗu suna Abu Dabi, babban birnin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Legoland da Motiongate maƙwabtan juna ne, a harabar Dubai Parks and Resorts da ke yankin Jabal Ali, can ƙarshen Dubai a kan hanyar Abu Dabi. An buɗe su a 2016, kuma da ƙafa ake tafiya daga ƙofar wannan zuwa ta wancan, a tsakaninsu akwai wani fili mai gidajen abinci da ake kira Riverland. Legoland don yara 'yan shekara 2 zuwa 12 aka gina shi. Akwai wurin da yaro zai tuƙa 'yar mota a ba shi lasisin wasa, akwai kuma wani babban zaure mai sanyi da aka gina Burj Khalifa da Masallacin Shaikh Zayid da 'yan tubalan roba. Motiongate kuwa ya fi dacewa da manyan yara, an gina shi a kan finafinan katun irin su Shrek da Kung Fu Panda, da liluka masu ɗan tayar da hankali. Idan wata a cikinmu tana tuna Bollywood Parks na finafinan Indiya da ke wannan haraba, to an rufe shi a 2023, yanzu Real Madrid World ne a wurin tun 2024.

IMG Worlds of Adventure shi ma a 2016 aka buɗe shi, yana wani ɓangaren na Dubai, kuma dukkansa a rufe yake cikin gini guda mai na'urar sanyi.

Sauran huɗun suna tsibirin Yas a Abu Dabi, kusa da juna. Ferrari World shi ne babba a shekaru, an buɗe shi a 2010. A nan ne ake da jirgin wasan nan mai suna Formula Rossa da ke gudun kilomita 240 a awa, har sai an sanya wa mutum gilashin kare ido kafin ya hau. Yas Waterworld na wasan ruwa ya zo a 2013, Warner Bros. World na su Tom da Jerry da Batman a 2018, sai SeaWorld na halittun teku a 2023. In ban da na ruwan, sauran ukun duk a rufe suke da sanyinsu.

Yanzu ga abin lura. Mutanenmu galibi a unguwar Deira suke sauka saboda kasuwa, kuma daga Deira zuwa tsibirin Yas ya haura kilomita 100, tafiyar fiye da awa guda a mota idan hanya ta yi kyau. Zuwa da dawowa awa uku ke nan sun tafi. Wanda ya ce zai yi safiya a Motiongate ya yi yamma a Ferrari World, to rabin yininsa a kan titi zai ƙare.

Kwana bakwai ba yini bakwai ba ne

Uwargida, ɗauko takarda mu yi lissafi. Ranar sauka ba ta cikin ƙidaya. Daga Legas kai tsaye jirgi yana yin kusan awa takwas, wanda ya tashi daga Kano ko Abuja ya biya ta Addis Ababa ko Alƙahira kuwa ya fi haka. Ga kuma bambancin lokaci: agogonsu yana gaban namu da awa uku, wato idan kika tashi yara ƙarfe 8 na safe a can, a jikinsu ƙarfe 5 na asuba ne. Ranar dawowa ita ma ta haɗa kaya ce da awon jakunkuna. Saura biyar. Cire Juma'a, ki kuma cire lokacin da maigida zai shiga kasuwa, tunda ba wasa kaɗai ya kai shi ba, da wanda ke ma za ki nemi tsaraba. Za ki ga yini uku ne cikakku a hannunki, da ɗan ƙari. Wuri bakwai ba ya shiga yini uku, Hausawa ma sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Ki kuma san cewa kowane ɗaya daga wuraren nan yini guda aka gina shi ya ci. Galibi ƙarfe 10 ko 11 na safe suke buɗewa, kuma tsakanin tafiyar ƙasa da tsayuwa a layi da cin abinci da kai yara bayan gida, kafin ki ankara rana ta faɗi.

Sa'arki ɗaya, Disamba lokacin sanyinsu ne, ana iya yawo a fili da rana. Illarsa cunkoso, domin duniya duka lokacin take zuwa. Waɗanda za su je a dogon hutun Yuli da Agusta kuwa su sani zafi yana wuce digiri 40, ga gumi mai danƙo saboda teku, don haka su tsaya ga wuraren da ke rufe, su bar na fili sai bayan la'asar.

Auna yara tun a gida

Wannan ita ce shawarar da na fi so ki riƙe. A wuraren nan ba a tambayar shekarun yaro a bakin lilo, tsawonsa ake aunawa, kuma ma'aikaci ba ya jin magiya, domin ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera ba zai kama ƙaramin jiki ba. Wasu liluka daga mita ɗaya suke farawa, wasu santimita 120, manyan kuwa sai 130 ko 140. Ki karɓi awon tela ki jingina kowane yaro da bango ki rubuta tsawonsa, sannan babban ɗanki ya duba ƙa'idar kowane lilo, duk suna rubuta ta a fili. Daga nan za ki ga da idonki cewa mai shekara 7 da auta ba su da rabo mai yawa a Ferrari World, shi kuma mai 14 zai yi ta hamma a Legoland. Ki gaya wa kowa gaskiya tun a falonku na Kaduna. Kukan da za a yi a gida kyauta ne, wanda za a yi a can kuwa an biya masa kuɗin jirgi.

Ga yadda zan raba miki

A ce Lahadi kuka sauka.

Lahadi: babu wurin wasa. A yi wanka a ci abinci a yi barci. Idan jiki ya saki da yamma, a gangara bakin ruwan Deira a shiga ɗan jirgin katakon nan da suke kira abra a tsallaka ɗaya gefen a dawo. Kuɗinsa kaɗan ne, yara kuma suna sonsa ƙwarai.

Litinin: Dubai Parks and Resorts, amma a rabu gida biyu. Ke da Hajiya da ƙananan biyu ku shiga Legoland, maigida da manyan biyu su shiga Motiongate. Mota ɗaya za ta kai ku, ɗaya za ta dawo da ku, ku yanke lokacin haɗuwa a Riverland ku ci abinci tare. Kin ga wuri biyu sun fita a yini guda ba tare da kowa ya shiga biyu ba.

Talata: safiyar hutu. Maigida ya tafi kasuwarsa, yara su yi barci har su gaji. Da yamma sai ku tafi Global Village. Wannan ba ya cikin takardar yaranki, ni na ƙara shi don ke da Hajiya. Wata babbar kasuwar baje koli ce da ke ci daga Oktoba zuwa wajen Afrilu, sai da yamma take buɗewa, kowace ƙasa da rumfarta: zumar Yaman, kayan Turkiyya, yadin Indiya, har da rumfar Afirka, ga kuma liluka a gefe. Kuɗin shigarta bai kama ƙafar na sauran ba, kuma a shekarun nan an saba ware Talata ga mata da masu iyali.

Laraba: a ɗauki 'yar jakar kwana biyu a koma tsibirin Yas, a shiga Warner Bros. World gaba ɗaya. Cikin wuraren bakwai shi ne wanda na ga ya ɗauki kowa, akwai na auta, akwai na babban yaya, akwai wurin zama mai sanyi ga Hajiya. Wannan ce ranar da za ku yi hotunan iyali.

Alhamis: a sake rabuwa. Maigida da babban ɗa, da 'yar shekara 11 idan tsawonta da zuciyarta sun kai, su tafi Ferrari World. Ke da sauran ku shiga SeaWorld, inda babu gaggawa, kallo ne na kifaye da tsuntsayen ƙanƙara da sauran halittun Allah, har da wani tafkin gilashi mai ɗaukar ruwa lita miliyan 25. A tafiyarmu ta biyu surukar Yayata zama ta yi a gaban gilashin nan fiye da rabin awa tana tasbihi, da ƙyar muka tayar da ita. Akwai motocin safa na kyauta da ke zagaya tsibirin, don haka haɗuwa ba za ta yi wuya ba.

Juma'a: babu lilo. A je Masallacin Shaikh Zayid da ke Abu Dabi, wanda aka buɗe a 2007, mai ƙubba 82, yana ɗaukar masallata fiye da 40,000, shiga kuma kyauta. Daga nan a kamo hanyar Dubai.

Asabar: ranar ajiya. Kada ki sa mata komai tun daga gida. Idan wani ya yi zazzaɓi a tsakiyar mako, ita za ta cike giɓin. Idan kowa lafiya, ta tsaraba ce da haɗa kaya. Idan kuma manyan yaran suna da sauran ƙarfi, maigida yana da sauran kuɗi, ga IMG nan su je su kaɗai.

Ki lura da abu biyu a tsarin nan. Na farko, ba a jera yini uku masu nauyi ba, ana yin mai nauyi sai a sassauta. Na biyu, manyan wuraren duk sun faɗo tsakanin Litinin da Alhamis. Dalili kuwa, tun Janairun 2022 ƙasar ta mayar da hutun ƙarshen makonta Asabar da Lahadi, Juma'a kuma rabin yini ake aiki, don haka daga yammacin Juma'a 'yan gari suke fitowa da nasu yaran, layi ya ninka.

Me ya sa na ajiye biyu? IMG da Warner Bros. World kusan abu ɗaya suke sayarwa, duka a rufe, duka jaruman katun, wanda ya ga ɗaya bai yi asarar ɗayan ba. Yas Waterworld kuwa wurin iyo ne da maza da mata ke cakuɗe cikin kayan wanka, ga 'yarki ta fara girma, ga suruka a tare, ga iskar Disamba da kan sa yaro mura idan ya jiƙe ya fito. Suna ware ranakun mata zalla a wasu watannin, har ma'aikatan duk mata, to wadda tafiyarta ta dace da irin wannan rana sai ta gina jadawalinta a kanta.

Maganar kuɗi

Kuɗinsu dirhami ne, kuma a ɗaure yake da dala, dirhami 3.67 a kan dala ɗaya. Tikitin yini guda na babban mutum a galibin wuraren tsibirin Yas ya haura dirhami 300. Ko da an ce auta ba zai biya ba, ku shida ne, wato fiye da dirhami 1,800 a ƙofa kawai, kusan dala 500, ba a ci ba a sha ba. Ki buga wannan da canjin yau ki ga abin da ake nufi da "a shiga dukkansu."

Akwai tikitin haɗaka na wuri biyu ko uku ko huɗu, kuma gaskiya ne yawan wuraren yana rage kuɗin kowane ɗaya. Nan tarkon yake. Mutum ya ga na huɗu ya fi araha a lissafi sai ya saya, daga nan kuma tikitin ya zama ubangidansa, ana jan yara da gajiyarsu don kada kuɗi su tafi a banza. A tsarin da na ba ki kowa na wuri biyu yake buƙata a Yas. Ki tabbata an karanta kwanakin da tikitin yake aiki a cikinsu kafin a biya. Wasu otal-otal na tsibirin suna haɗa kuɗin ɗaki da na shiga wuraren wasa, yana da kyau maigida ya gwada lissafin da na motar zuwa da dawowa sau biyu.

Kuɗin da aka rage daga wuraren da aka ajiye, ga inda za su yi amfani: hayar keken turawa ga Hajiya, kada ta ji kunya, tafiyar tana da yawa, keken tura auta, wanda a ciki zai yi barcin ranarsa, da abinci, domin galibi ba a barin shiga da na waje sai na jarirai, na ciki kuma da tsada. Ku karya da kyau kafin ku fito. Akwai kuma tikitin tsallake layi da ake saya daban, idan za a saya a saya wa masu zuwa Ferrari World kaɗai.

Abu na ƙarshe a nan: kada a biya kuɗin tikitin wasa ko ɗaya sai biza ta fito. Mun ga yadda aka dakatar da bai wa 'yan Nijeriya biza a 2022, ba a dawo da ita ba sai a 2024, kuma sharuɗɗanta suna yawan canzawa.

Salla da tsaron yara

A Disamba ranarsu gajera ce. Azahar tana shiga jim kaɗan bayan 12, la'asar bayan 3, magariba wajen 5 da rabi, wato salla uku za su same ku a cikin wurin wasa. Alhamdu lillahi akwai ɗakunan salla na maza da na mata a wuraren nan da manyan kantunansu. Da kun shiga ki karɓi taswira ki fara nemo ɗakin salla da bayan gida, sai ki mayar da lokutan sallar su zama lokutan hutunku: a yi azahar a ci abinci, a yi la'asar a zauna a sha ruwa. Da haka ba a shiga dogon layi saura minti goma a kira salla.

Ki sa wa kowane yaro 'yar takarda a aljihu mai sunan otal da lambar wayar babansa, ki ɗauki hotonsu kowace safiya da kayan da ke jikinsu, ki kuma nuna musu irin rigar ma'aikatan wurin, ki ce duk wanda ya ɓace wajensu zai je. Ke kuma ki nemi takalmi marar tudu, ki daure mayafinki da kyau idan za ki hau wani abu, a wasu lilukan ma za a ce ki cusa shi cikin riga don kada iska ta ja shi.

Yadda za ki shigar da maganar

Saura babban aikin, wato maigida. 'Yar'uwa, mutumin nan shekara uku yana tara kuɗin cika alkawari, burinsa ya ga yaransa suna murna su ce Baba ya kai mu ko'ina. Idan kika ce masa "ba zai yiwu ba" a gaban yara, kin taɓa wannan burin, kuma ko ya ga gaskiyarki zai yi wuya ya janye. Ki bari sai ya ci abinci ya huta, ku biyu kaɗai, ki fara da godiya da addu'a, sannan ki kawo takardarki. Ki nuna masa nisan hanya da tsawon yara da jimillar kuɗi, ɗan kasuwa ne, lissafi yake ji. Ki nuna masa cewa a tsarin nan iyalinsa za su taka biyar daga cikin bakwai, shi kuma ya sami safiyar Talata da yinin Asabar na kasuwarsa. Ki ambaci gwiwar Hajiya, babu ɗan kirkin da zai so a ce mahaifiyarsa ta dawo daga hutu tana jinya. Idan ya gamsu, ki bar shi ya sanar da yara da bakinsa.

Su kuma yara, ki ba kowanne haƙƙin zaɓar abu ɗaya da ya fi so a duk tafiyar, a rubuta, a yi masa alkawarin wannan ɗayan in Allah Ya yarda, kuma da an shiga wurin da shi za a fara tun layi bai yi tsawo ba. Yaron da ya sami abin da ya zaɓa da kansa ba ya ƙirga waɗanda bai gani ba. A aji ma haka nake gani, rigimar yara ba ta cika zama a kan yawan abu ba, a kan "an fi son wane" take. Ki kula kada ya zama kullum babban ne ke tafiya da Baba, ko awa ɗaya ce a ware wa mai shekara 7 shi ma ya riƙe hannun mahaifinsa su hau wani abu tare.

Na san da yawa daga masu karatu za su ce Malama, mu ina muka ga kuɗin Dubai? Gaskiya ne, ni ma ɗaukata aka yi. Amma ko hutun Salla ne za a kai yara gidan zu da wurin lilo da gidajen dangi a cikin kwana uku, lissafin bai canza ba: a duba mai ƙaramar ƙafa, a bar rana ɗaya babu komai, kada a yi alkawarin da ba za a cika ba. Shirin zaune ya fi na tsaye.

'Yar'uwa ta Kaduna, idan kun dawo ki rubuto mana yadda aka ƙare, ki kuma gaishe mana da Hajiya. Sauran 'yan'uwa masu tambaya a kan tarbiyya ko zaman gida, ƙofa a buɗe take kamar kullum. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.